Yadda Ake Tara Finafinan Barkwancin Soja Na Zamanin Da Fim Bai Fara Magana Ba

Ruwan sama ya cika ramin da sojoji ke kwana har ya shanye gadaje. Wani ɗan kurtu mai guntun gashin baki ya shigo, ya laluba ƙarƙashin ruwa ya zaro matashin kai, ya karkaɗe shi tsaf kamar mai shirin kwana a ɗakin amarya, ya mayar, ya kwanta ya nutse. Da numfashi ya gagara sai ya cire ƙahon garmaho ya kafa a baki yana zuƙar iska ta ciki. Charlie Chaplin ke nan a Shoulder Arms, wanda ya fito ranar 20 ga Oktoban 1918, saura mako uku a tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Sai dai kwafin da yawancin mutane suka kalla ba shi ne wanda 'yan kallon 1918 suka gani ba. A 1959 Chaplin ya sake fitar da fim ɗin haɗe da wasu biyu a ƙarƙashin sunan The Chaplin Revue, ya sa masa kiɗa, aka maimaita wasu hotuna don tafiyar ta dace da majigin zamani, kuma da yawan fitowar daga wani ɗauka ne daban, domin uwar fim ɗin ta farko, wato zaren asali da ake wanke kwafi daga gare shi, ta gaji. Dama a lokacin kyamara biyu ake jerawa, ɗaya ta kasuwar Amurka ɗaya ta ƙasashen waje. Don haka mai tara irin waɗannan finafinai ba suna yake saye ba, kwafi yake saye, kuma kowane kwafi da tarihinsa. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suka ginu.

Fara da shata wa kanka iyaka

Finafinan wancan zamani teku ne, wanda ya ce zai tara duka aljihunsa zai ƙare bai tara komai ba. Daɗin barkwancin soja shi ne gonar ƙarama ce, ana iya zagaye ta. Kaka biyu ta yi. Ta farko lokacin yaƙin kansa, wajajen 1917 da 1918. Ta biyu kuma bayan The Big Parade na 1925 ya yi kasuwa, kamfanoni suka gane raɗaɗin yaƙi ya lafa har ana iya yi masa dariya. A 1926 kaɗai Paramount ta fitar da Behind the Front da We're in the Navy Now, inda ta haɗa Wallace Beery da Raymond Hatton. Warner ta fitar da The Better 'Ole tare da Syd Chaplin, yayan Charlie, a matsayin tsohon sojan Ingila mai tulin gashin baki. Harry Langdon ya yi Soldier Man, sojan da aka gama yaƙi aka watse aka manta ba a gaya masa ba. Raymond Griffith ya yi Hands Up! a kan yaƙin basasar Amurka. A ƙarshen shekarar Buster Keaton ya kammala The General. Shekara ta zagayo aka samu Rookies, da With Love and Hisses na Laurel da Hardy, da Two Arabian Knights, wanda ya ba Lewis Milestone kyautar Oscar ta daraktan barkwanci a bikin farko na 1929, kyautar da ba a sake bayarwa ba tun daga ranar.

Zaren labarin kusan ɗaya ne: kurtu marar kan gado, saje mai tsawa, fareti da ya rikice, abinci marar daɗi, sai kuma sa'a ta mai da cali-cali gwarzo. Wanda ya taso yana kallon Samanja ba sai an yi masa tafinta ba. Zaɓi ɓangare guda: ko ɗan wasa ɗaya, ko shekara ɗaya, ko na sojan ruwa kawai, irin A Sailor-Made Man na Harold Lloyd na 1921 da Two Tars na 1928. Ni da za a tambaye ni, 1926 zan ce.

Buɗe littafi kafin ka buɗe aljihu

Sami littafi mai kauri, kowane fim shafi guda: suna, shekara, kamfani, darakta, naɗin zare nawa ne asalinsa, sannan ko yana nan ko ya ɓace. Wannan layin na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci. Binciken da David Pierce ya yi wa Ɗakin Karatun Majalisar Dokokin Amurka a 2013 ya ƙirga dogayen finafinai 10,919 marasa magana da Amurka ta yi tsakanin 1912 da 1929. Kashi 70 cikin 100 sun ɓace ɗungurungum. Kashi 14 ne kacal suka rage a siffarsu ta asali. Gobara ta ci wasu, kamar ta rumbun Fox a New Jersey a 1937 da ta MGM a 1965, wasu kuma kamfanonin ne da kansu suka lalata don sun ɗauka fim marar magana ya gama aiki.

Ɗakin karatun yana da rumbun bayanai a intanet da ke nuna wane fim ke wace ma'ajiya. Haka kundin Cibiyar Fim ta Amurka (AFI) yana ba da tsawon kowane dogon fim, Media History Digital Library kuma ta ɗora tsofaffin mujallun 'yan kasuwar fim irin su Moving Picture World kyauta. Da waɗannan a hannunka, ranar da wani ya tallata maka "cikakken" kwafin fim mai naɗi takwas alhali biyar ne a gwangwani, za ka gane tun kafin ka tura kuɗi.

Sannan ka kalla. Tun 1 ga Janairun 2025 duk fim ɗin da aka fitar a Amurka zuwa ƙarshen 1929 ya fita daga haƙƙin mallaka a can, shi ya sa suke birjik a Internet Archive da YouTube. Kiɗan da aka sa daga baya yana da masu shi, kuma dokar wasu ƙasashe daban take, musamman a kan finafinan Chaplin. Nemo The General kwafi uku ka kalle su a jere. Za ka ga a wani fuskar Keaton fari fat kamar an shafa alli, a wani kana iya ƙirga maɓallan rigarsa. Wani minti 75, wani ya haura 100, alhali fim ɗaya ne, gudun haskawa ne ya bambanta. Wannan kallon shi ne makarantar ido, kuma kyauta ne.

Faifai tukuna

Matakin saye na farko shi ne DVD da Blu-ray na kamfanonin da ke gyara fim da gaske: Kino Lorber, Flicker Alley, Criterion da Cohen a Amurka, Eureka da BFI a Ingila, Lobster a Faransa. Juya bayan kwalin ka karanta daga wane kwafi aka ɗauko, wa ya gyara, wa ya yi kiɗa. Idan ka ga sunan ma'ajiyar fim ta Bologna a Italiya, wadda ta gyara finafinan Chaplin da na Keaton, hankalinka ya kwanta. Kwalin da bai faɗi komai ba, yawanci kwafin kwafin kwafi ne. Kula da lambar yanki kuma, domin na'urar wani yanki ba ta cika karanta faifan wani ba: Blu-ray na Amurka A ne, na Turai da Afirka B, DVD na Amurka 1, na Turai 2, namu 5. Na'urar da ke karanta kowane yanki ta fi sauƙi a kan faifan da zai zauna a kanta yana kallonka.

Takarda: fosta, kati da hoto

Da yawan finafinan da suka ɓace, takardar tallarsu kaɗai ta rage, shi ya sa masu tarawa ke rububinta. Awo shi ne shaidar farko. Babbar fostar Amurka ta lokacin inci 27 da 41 ce, kuma a ninke ake aika ta gidajen sinima, saboda haka alamar ninki ba aibi ba ce. Wadda ta zo sumul ba ninki ita ce abar tuhuma. Katin da ake jerawa a zauren sinima inci 11 da 14 ne, takwas ne a saiti, ɗaya na ɗauke da sunan fim. Hoton talla inci 8 da 10, da lamba a kusurwar ƙasa, wani lokaci da hatimi ko guntun bayani manne a baya.

Kayan aikinka biyu ne, gilashin ƙara girma da 'yar tocila mai hasken shuɗi irin ta duba jabun kuɗi. Fostar shekarun 1920 da dutse aka buga ta, idan ka sa gilashi launin zai fito kamar an goga alli a kan bango, barbaɗi-barbaɗi ba tsari. Idan ɗigo-ɗigo ka gani a jere kamar saƙar taliya, bugun baya ne. Tocilar kuwa, takardar da aka yi bayan 1950 galibi tana da sinadarin ƙara fari, tana walƙiya a ƙarƙashin wannan haske. Tsohuwa shiru take yi. Akwai kuma fostar sake fitarwa: ta gaske ce, tsohuwa ce, amma ba ta shekarar farko ba, kuma kuɗinta bai kai ba. Duba sunan kamfanin da ke ƙasa. Shoulder Arms na 1918 First National ce ta rarraba shi. Ka ga wani suna daban, to na baya ne.

Fostar Chaplin ko Keaton ta asali sai manyan gidajen gwanjo, kuɗinta na sayen gida ne. Mai farawa ya nemi hotuna da katunan su Beery da Hatton, ko Karl Dane da George K. Arthur, waɗanda duniya ta manta da su.

Zaren fim kansa

A nan ne abin yake, a nan ne kuma ake ƙonewa, har da ƙonewa ta gaske. Faɗin zaren ne ke gaya maka abin da ke hannunka.

Mai milimita 35 shi ne na gidan sinima, kuma kusan duk wanda aka yi kafin 1951 na naitiret ne, ɗan'uwan albarushi. Idan ya kama wuta shi ke samar wa kansa iska, ko a cikin ruwa ci yake yi, hayaƙinsa guba ne, wanda ya fara ruɓewa kuma yana iya tashi da kansa idan zafi ya daɗe a wajen digiri 40. Wanda ya san watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya san wannan ba lissafin takarda ba ne. Kada ka saya, kada ka sa a aiko maka, kada ka ajiye a gida.

Naka su ne ƙananan da aka yi don gida, waɗanda ba sa tashi haka. Pathé ta Faransa ta fito da mai milimita 9.5 a 1922, ana gane shi da huji ɗaya a tsakiya tsakanin hoto da hoto. Kodak ta fito da mai 16 a 1923, mai 8 a 1932, sai Super 8 a 1965. Daga tsakiyar shekarun 1920 Kodak ta buɗe Kodascope, inda ake hayar fim mai 16 a kai gida. Kwafinsu sun fi daraja a wajen masu tarawa domin an wanke su tun uwar fim na da ƙuruciya, sau da yawa da ruwan zuma-zuma a jikinsu, sai dai sukan rage dogon fim ya dawo naɗi biyar. Daga baya Blackhawk ta garin Davenport a jihar Iowa ta shafe shekaru tana sayar da na 8 da Super 8 da 16 ta gidan waya, kuma nata ne suka fi yawa a kasuwa yau. Da su ya kamata ka fara: gajeren fim mai naɗi biyu a Super 8, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ka riƙe wannan lissafi: naɗi ɗaya na sinima ƙafa 1,000 ne, daidai yake da ƙafa 400 a mai 16, da kimanin ƙafa 200 a mai 8.

Sayen fim daga nesa cinikin biri a sama ne, sai ka yi tambaya. Ka ce wa mai sayarwa ya turo hoton farkon zaren, da na gefensa inda rubutu yake, da na hotuna uku ko huɗu daga tsakiya an ɗaga su a haske. Tambaye shi ƙafa nawa ne, haɗi nawa ne a ciki, allon sunan fim na asali ne ko liƙawa aka yi, sannan kai tsaye: yana wari? Na taɓa jin kunyar yin wannan tambayar ta ƙarshe, ga araha kuma ta ruɗe ni. Da saƙon ya iso, ban gama ɗaga murfin gwangwanin ba warin khal ya bugi hancina kamar an buɗe kwalbar haɗa salak. Zaren ya kanannaɗe, gefensa ya yi tudu da kwari, ko kan majigi bai hau ba. Araha ba ta ado.

Duba shi kafin ya ga majigi

Wanke hannu, ka riƙe zaren ta gefe da gefe, ko ka sa safar auduga. Shinshina tukuna. Warin khal alama ce cewa robar ta fara sakin asid, cuta ce da ba ta warkewa, sai dai a rage mata gudu, kuma tana harbin na kusa da ita. Hanci na iya yaudara, don haka akwai 'yan takardun gwaji da ake kira A-D Strips, na wata cibiya a Rochester: ka jefa ɗaya a gwangwani ka rufe kwana ɗaya ko biyu. Shuɗi lafiya, kore an fara, rawaya ya yi nisa. Wanda ya fara, ware shi ɗaki daban.

Sai ka warware shi sannu a hankali daga wannan faifai zuwa wancan, yatsunka biyu na shafar gefe don jin hujin da ya yage ko haɗin da ya saki. Sa gilashi a bakin zaren. Kodak tana buga 'yan alamomi na shekarar da aka yi robar, da'ira, murabba'i, alwatika, kuma suna maimaituwa duk shekara 20. Alwatika ɗaya tilo na nufin 1918, ko 1938, ko 1958, ko 1978. To idan a kan mai 16 ka gan ta, 1918 ta fita tunda ba a ƙirƙiro shi ba sai 1923, duk rantsuwar da mai sayarwa zai yi. Jadawalin alamomin yana intanet, buga shi ka manna a bangon littafinka.

Tsohon zare yana tsukewa. Ɗora shi a kan sabon farin zaren da ake sa wa a gaba, ka daidaita hujin farko, ka bi su har huji 100. Idan tsohon ya gaza da huji guda cur, ya tsuke da kashi 1 cikin 100, haƙoran majigi za su yayyaga shi. Wannan sai dai a kai a ɗauke shi da na'urar sikana. A mai 16 ka lura ko huji gefe biyu ne ko ɗaya. Mai gefe ɗaya na sauti ne, tsohon majigi mai haƙora biyu zai huda masa layin kiɗan daga farko har ƙarshe.

Ajiya a ƙasar zafi

Zafi da danshi su ne abokan gaba, namu kuma duka biyun muna da su, ga ƙurar hunturu ta uku. Abin da ake so shi ne sanyi da danshin da bai wuce kashi 30 zuwa 50 ba. Cire roba mai ɗaurewa, tsohuwar jarida da duk gwangwanin da ya yi tsatsa. Kwantar da gwangwanaye a kan kanta, kada a ƙasa, kada a jikin bangon da rana ke duka, kada kuma a ɗakin da rufin kwano ne kai tsaye a sama. Ɗakin tsakiya mai kaurin bango, irin soron ƙasa na gidajen da, ya fi ɗakin zamani da ke gasuwa da rana. Da damina ka sa 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, kana canza su.

Ma'ajiyoyin Turai firiza suke sa wa, kuma shi ne maganin da ya fi. Amma firizar da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, ya daskare yau ya narke gobe, ta fi ɗakin zafi ɓarna, domin raɓa ce za ta riƙa kwanciya a kan zaren. In kana da sola mai tsayawa, sa naɗin a leda mai zif biyu, ka matse iska, ranar fitarwa kuma ka bar shi a rufe kwana guda kafin ka buɗe. Takardu kuwa a shimfiɗe, cikin leda marar asid, nesa da rana da gara. Kada ka kuskura ka kai fosta a yi mata laminatin. Ka kashe ta ke nan.

Ranar haskawa

Nemi majigi mai sauya gudu, irin na Elmo, Eumig, Bolex ko Bell & Howell. Fim mai magana hoto 24 yake ci a daƙiƙa, na da kuwa da hannu ake juya kyamara, tsakanin 16 da 24. Gwada 18 ga na 1918, na 1926 kuma sun fi son sama da 20. Ma'aunin shi ne tafiyar mutane: idan sojoji na fareti kamar an kunna musu wuta, rage, idan suna jan ƙafa kamar cikin taɓo, ƙara. Ɗan sauri kaɗan ba laifi ba ne, da shi aka gina barkwancin. Majigin Amurka wutar 110 yake sha, tamu ta ninka, sai da taransifoma mai rage wuta. Goge ƙofar da zaren ke bi da burushi mai laushi kafin kowane naɗi, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ja layi daga farko har ƙarshe. Fara gwada majigin da zaren da ba ka damu da shi ba.

Kuma kada ka kalla shiru, kada ka kalla kai kaɗai. Waɗannan finafinai ba a taɓa nuna su ba kiɗa ba, ko mai fiyano ɗaya ko cikakkiyar tawagar makaɗa. Tara yara da maƙwabta, ka riƙa fassara musu allon rubutun da ke fitowa a madadin magana. Ka jira wurin da jirgin ƙasa na gaske ya hau gadar da ke ci da wuta a The General ta rufta da shi cikin kogi kusa da Cottage Grove a jihar Oregon, ɗauka ɗaya da aka ƙiyasta ta ci dala 42,000, tarkacen kuma ya zauna a kogin har Yaƙin Duniya na Biyu kafin a kwashe shi a matsayin ƙarfen jari-bola.

Idan ka ci karo da abin da ba ya cikin littafinka

Yana faruwa. Two Arabian Knights an daɗe ana ɗauka ya ɓace, sai aka same shi cikin kayan Howard Hughes, wanda ya ɗauki nauyinsa, bayan rasuwarsa. Now We're in the Air na 1927, na Beery da Hatton tare da Louise Brooks, sai a 2016 aka gano kimanin minti 23 nasa a ma'ajiyar fim ta birnin Prag, aka nuna a San Francisco a 2017. Kwafin da aka aika ƙasashen nesa sau da yawa ba a mayar da su ba, kuma allon rubutunsu da sunansu na wani harshe ne, shi ya sa suke ɓuya.

Idan naɗin da ba ka gane ba ya faɗo hannunka, kada ka haska shi. Warware ƙafa biyu ko uku kawai, ka ɗauki hoton fuskokin 'yan wasa, da allon rubutu ɗaya, da alamomin gefe, ka rubuta inda ka same shi da abin da ke jikin gwangwanin. Aika wa ɗaya daga cikin ma'ajiyoyin da ke FIAF, ƙungiyar ma'ajiyoyin fim ta duniya, ko Ɗakin Karatun Majalisar Amurka, wanda sashen fim ɗinsa ke Culpeper a jihar Virginia. In kuwa mai 35 ne, ga shi yana danƙo ko ya fara zama garin hoda mai ruwan ƙasa, mayar da murfin a hankali ba tare da ka danne ba, fitar da shi daga ɗakin kwana zuwa wuri mai inuwa da iska, nesa da murhu da janareta, sannan ka rubuta musu a ranar.